Waɗanda Inuwa Ta Yi wa Nisa: Tafiya Sakkwato a Tsakiyar Bazara

Motar Sakkwato ba ta jiran hantsi a watan Afrilu. Tun ana kiran assalatu 'yan kamasho ke neman fasinja, domin kowane direba burinsa ya wuce Tsafe kafin rana ta take, saboda zafi, da kuma rashin tsaron da ke kan wannan hanya. Na tarar ana cacar baki a bayan motar a kan wani sabon keken guragu mai ƙafa uku, wanda yaron mota ya rantse ba zai ɗauka ba sai an biya masa kuɗin kujera guda. Mai keken yana zaune a ƙasa, silifa sanye a tafin hannuwansa biyu, bai sa musu baki ba. Da suka gaji ya miƙa rabin kuɗin, aka ɗaure keken a kan kaya, shi kuma ya kama ƙofa ya ja jikinsa ya shige kusa da ni.

Magidanci ne da zai kai shekara arba'in. Shan inna ce ta kama shi tun yana yaye, walda kuma ita ce sana'arsa. Guragun Kano sun daɗe da kafa ƙungiyar da ke ƙera irin waɗannan kekuna da ake tuƙawa da hannu, a wurinsu ya koya, yanzu zai kai wa wani mai saye a Gusau. Najeriya ta samu takardar shaidar rabuwa da cutar shan inna ta asali a watan Agustan 2020, amma waɗanda ta riga ta shanye wa ƙafa suna nan, sun girma, suna ciyar da iyali.

Kafin mu kai Funtuwa iskar da ke shigowa ta taga ta koma huci. Na sayi ruwan leda na miƙa masa ɗaya.

"Na gode, Malam, sha abinka. Ni sai mun sauka."

Na tambaye shi ko Sitta Shawwal yake yi. Ya yi dariya har sai da na gaba suka waiwayo. "In na sha, ina zan kai shi?"

Daga nan ya warware mini. In mota ta tsaya a bakin hanya, kowa zai dira ya zagaya bayan ciyawa ya dawo cikin minti biyu. Shi sai an buɗe masa, ya sauko, ya rarrafa a kan tsakuwa mai zafi, direba yana danna hon saboda ba wanda ke son tsayawa a dajin nan. In kuwa ban ɗakin tasha ne, akwai matakala, ƙofa ƙarama, ƙasa jiƙe da abin da ba sai an faɗa ba, shi kuma da hannun da zai ci tuwo yake tafiya. Saboda haka duk ranar da zai yi tafiya, tun daren jiya yake rage shan ruwa. Ya ce nasa ma da sauƙi, in tambayi mata.

A wayata akwai irin gargaɗin da hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, kan fitar idan zafi ya tsananta: a sha ruwa da yawa, a nemi inuwa, a sa tufafi marasa nauyi, a rage yawo daga tsakar rana zuwa ƙarfe huɗu. Shawara ce mai kyau, ba ni da ja a kanta. Sai dai kowane layi nata ya ɗauka cewa mai karantawa yana iya tashi ya koma inuwa, jikinsa yana gumi, fatarsa tana jin zafi, idonsa yana ganin inda bishiya take, kuma akwai makewayin da zai shiga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum ɗaya cikin shida a duniya yana rayuwa da wata naƙasa. Da yawansu ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa ne suka rasa, kuma nan ne shawarar ke karyewa a hannunsu. Abin da ya tashe ni daga Kano ke nan, tun abin da ya faru a bazarar 2024, shekarar da azumi ya faɗo daga 11 ga Maris zuwa 9 ga Afrilu. A ranar 3 ga Afrilun nan zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, asibitin Gabriel Touré da ke Bamako kuma ya ƙirga gawa 102 cikin kwana huɗun farkon watan, alhali a Afrilun 2023 gaba ɗayansa 130 ya gani. Masu binciken World Weather Attribution sun ce ba don ɗumamar duniya ba, da zafin bai kai haka ba. Sakkwato da Bamako ɗaya ne a wajen rana.

Mun shiga Gusau rana tana tsaka. Na tsaya ina kallon yadda abokin tafiyata zai sauka. Ya fito da wasu gutsattsarin taya guda biyu da ya huda ya sa musu igiya, ya ɗaura a gwiwoyinsa, sannan ya taɓa kwalta da bayan hannu kafin ya dire. Ashe lissafin zafin da muke ji a rediyo ba nasa ba ne. Ana auna shi ne a inuwa, sama da ƙasa da kusan tsayin mutum. Kwalta da ke shan rana kai tsaye takan wuce digiri 60 a irin wannan lokaci, zafin da zai iya ƙona fata cikin ɗan ƙanƙanin lokaci, kuma a nan gurgu mai rarrafe yake rayuwa, fuskarsa daf da hucin ƙasa da hayaƙin salansa. Keken ma ƙarfe ne. Ya nuna mini mariƙin da ya naɗe da roba, ya ce yanzu yana ba duk mai saye shawarar a ƙara masa rumfar tampol a sama, amma yawanci kuɗin keken ma haɗa musu aka yi, balle ƙarin rumfa. Ya sha ruwa leda uku a jere kafin mu yi sallama.

Sauran hanyar ba ta da labari. Bungudu, Maru, Talata Mafara inda koren gonakin Bakolori ke ɗan huce wa ido, Tureta, sai Sakkwato bayan la'asar.

Washegari na koma baya kaɗan a kan hanyar da muka biyo, zuwa Amanawa da ke ƙaramar hukumar Dange-Shuni. Tun shekarun 1930 ake jinyar kuturta a nan, kamar Yadakunya a Kano da Babbar Ruga a Katsina, kuma kamar can, waɗanda aka sallama da yawa ba su koma garuruwansu ba, suka yi gidaje a gefe, suka hayayyafa. Kuturta tana warkewa, maganinta kyauta ne tun 1995. Abin da ba ya dawowa shi ne jijiyar da ta riga ta mutu.

A gindin wani dogon yaro na sami dattawa a kan tabarma. Na durƙusa na gaishe su, na ce, "Baba, yaya zafi?"

Mafi tsufansu ya miƙo ƙafarsa da ke cikin wani takalmi mai kaurin ƙasa. "Ɗana, kai in ka taka wuta, ƙahwakka na hwaɗa maka. Tawa ba ta hwaɗin komi. Sai da dare in ga jini."

Wannan ita ce bazarar mai kuturta. Rairayin tsakar gida, dandamalin siminti na masallaci, butar ƙarfe da aka bari a rana, murfin tukunya, salansar kabu-kabu, duk suna ƙona shi ba tare da ya sani ba. Boron ruwa ya fashe, ya zama gyambo, gyambo ya ci ƙashi. Mutane suna cewa kuturta ce ke cinye yatsu, amma mafi yawa irin waɗannan raunuka ne da ba a ji ba, ɗaya bayan ɗaya. Ƙari a kan haka, inda jijiya ta mutu fata ba ta gumi, sai ta bushe ta tsage, bazara kuma ta ƙara tsaga ta. Dattijon ya nuna mini abin da aka koya musu: kullum a jiƙa ƙafa da hannu a ruwa mara zafi na ɗan lokaci, a goge kanta da dutse, a shafa mai tun fatar tana da danshi, sannan a duba tafin ƙafa da ido, ko da madubi, tunda ji ya ƙi. Ba a taka ƙasa ba takalmi, ko daga ɗaki zuwa randa. Ruwan alwala kuma a sa jika ya taɓa tukuna. Na tambaye shi masallaci fa, inda dole a tuɓe takalmi? Ya ce azahar da la'asar a wannan wata yakan shiga da safa biyu, ko ya yi sallarsa a nan gindin bishiya, Allah ya san nufinsa.

Wata tsohuwa da ke gefe, wadda ba ta da yatsu a hannu biyu, ta ce ita damuwarta ledar ruwa ce. Ba ta iya riƙe ta, sai ta matse da dungulmi ta fasa da haƙori, rabi ya zube. Moɗa mai mariƙi babba da za ta zura hannu ta fi mata komai. Ban taɓa ganin wannan a wata takardar gargaɗi ba.

Ranar Juma'a na nufi wajen Hubbaren Shehu da masallatan da ke kusa. Makafi da guragu sun jeru tun hantsi, domin sadakar Juma'a tsakanin sha biyu da uku take fita, daidai sa'o'in da aka ce kowa ya ɓuya. Wanda zai ce musu su zauna a gida sai ya faɗa musu abin da za su ci da dare. Na lura da wani makaho da ɗan jagoransa ya ajiye a inuwar katanga ya tafi neman canji. Inuwa ta janye ta bar shi. Ya ji ranar, ba shakka, amma bai motsa ba, saboda in ya tashi yaron ba zai same shi ba, kuma bai san ko taku uku ne tsakaninsa da inuwa ko talatin ba. Wani mai sayar da turare ne ya kama sandarsa ya ce, "Malam, matso nan." Ɗan jagoran da ya dawo bai fi shekara tara ba, ƙafarsa ba takalmi, leɓensa ya bushe. Yaro ya fi babba saurin galabaita da zafi, amma lissafin kowa a kan makahon yake tsayawa.

A bakin kasuwa na yi hira da wata budurwa zabiya mai sayar da zoɓo, ta rufe jiki da hijabi mai kauri har wuyan hannu. Ita kam shawarar sa tufafi marasa nauyi cuta ce gare ta. Fatarta ba ta da sinadarin da ke tare hasken rana, kowace ƙuna tana tara mata haɗarin sankarar fata, wadda ita ce ke kashe zabiyoyi da yawa a Afirka tun suna matasa. Man kariya daga rana mai lamba 50 ya fi ƙarfin cinikinta. Gidauniyar Albino Foundation, wadda Jake Epelle ya kafa a 2006, ta daɗe tana kiran a sauƙaƙa shi. Kafin nan, dabararta ita ce yadin auduga mai saƙa matsattsiya, mai faɗi, da malafa a kan hijabi, da fita kasuwa bayan la'asar. Wani tabo da ke kunnenta wanda ta ce ya ƙi warkewa shi ya sa na roƙe ta ta je asibiti ba tare da jira ba.

Kurame kuwa labarin ma ba ya iso su. Mu mutanen rediyo ne, gargaɗin da ba ya rediyo kuma yana intanet da Turanci. Abin takaici, da yawa daga cikin kuramen Arewa bazara ce ta kurmantar da su, ta hanyar sanƙarau, cutar da a annobar 1996 ta kama mutum sama da 100,000 a Najeriya ta kashe sama da 11,000. Suna da harshensu, maganar hannu, suna da majalisunsu a kowane babban gari. Mutum ɗaya mai iya maganar hannu ya isa ya kai musu saƙo.

Duk waɗannan a waje suke, ido yana ganinsu. Wanda ya fi tsaya mini a rai yana cikin ɗaki. Wani ma'aikacin jinya da ya yi ritaya, wanda unguwa ke kira in abu ya taso, shi ya kai ni wani gida a cikin tsohon gari. Saurayi ne ɗan kabu-kabu da mota ta buge, lakarsa ta taɓu daga ƙirji, ba ya motsa komai daga nan zuwa ƙasa. Ɗakin bulo ne, rufin kwano ba silin, taga ɗaya ƙarama. Tun daga bakin ƙofa na ji zufa ta karyo mini. Shi kuwa goshinsa ne kawai ya jiƙe, daga ƙirji zuwa ƙafa fatarsa a bushe take, da zafi in ka taɓa.

Ma'aikacin jinyar ya ce nan hatsarin yake. Laka ce ke kai umarnin gumi daga ƙwaƙwalwa zuwa fata. In ta yanke, jikin da ke ƙasa da raunin ba ya gumi yadda ya kamata, sai zafin jikin mutum ya riƙa bin zafin ɗakin da yake ciki. Ya nuna randar da ke tsakar gida. Ya ce ruwanta yana sanyi ne saboda tana tsattsafo, iska tana busar da danshin tana tafiya da zafin, jikin ɗan Adam ma haka yake, wannan yaro kuwa randa ce da aka shafe da siminti. Maganin shi ne a ara masa gumi. Mahaifiyarsa ta ɗauko wata robar ruwa da aka huhhuda murfinta da allura, ta fesa masa a ƙafafu da ciki, ta bi da mafici. A busasshen zafin Sakkwato wannan dabara tana aiki sosai. Ta ce da rana kusan duk rabin awa take yi.

Na ce, "Inna, fankar sola fa? Na ga ana sayarwa a kasuwa."

"Ɗan nan, an ba mu aro bara. Iskar wuta taka busowa."

Gaskiyarta. Idan zafin ɗaki ya wuce digiri 40, fanka a kan busasshiyar fata ƙara wa mutum zafi take yi, sai an haɗa ta da jiƙa jiki. Wutar Nepa ba abin dogaro ba ce a unguwar, janareta kuma tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 ya zama kayan ado a gidaje irin wannan. Abin da suka iya shi ne shimfiɗa karan dawa da tsofaffin tabarmi a kan kwanon, rataya jiƙaƙƙen zane a taga, da fito da shi zauren ƙasa na maƙwabta daga azahar zuwa la'asar, in an sami samari biyu da za su ɗauke shi. Ginin ƙasa mai azara da muka raina muka rushe ya fi bulo da kwano sanyi da rana nesa ba kusa ba. Shi ma yaron, kamar mai waldan nan da muka rabu a Gusau, ya so ya rage shan ruwa don ya sauƙaƙa wa mahaifiyarsa wankin shimfiɗa. Ma'aikacin jinyar ya hana, domin mai robar fitsari in ya rage ruwa, ciwon mafitsara da na ƙoda ne ke biyo baya. Ya ce ta riƙa duba launin fitsarin a jaka, in ya yi duhu ruwa ya yi kaɗan. Kuma fesa ruwan ban da inda yake kwanciya a kai, saboda danshi a baya da ɗuwawu shi ke buɗe gyambon kwanciya.

A hanyar fita ya ƙara mini da wasu da ba a tunawa da su. Masu taɓin hankali da ke shan magunguna irin chlorpromazine da benzhexol, waɗannan magunguna suna rage gumi, wasunsu kuma ba sa cewa suna jin ƙishirwa, ga shi sau da yawa su ake kullewa a ɗakin da ya fi kowane zafi a gidan. Masu shanyewar ɓarin jiki da ke shan maganin hawan jini mai sa fitsari. Masu sikila, waɗanda ƙarancin ruwa ke tayar musu da ciwo. Ya ja kunne kada kowa ya daina magani da kansa, a koma wurin likita a tambaya, a kuma riƙa kai musu ruwa ba sai sun nema ba. In an yi zufa da yawa ko gudawa, a haɗa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Abin da ya fi ɓata masa rai shi ne yadda ake karanta alamun. Mutum ya fara sambatu, ko ya rikice, ko ya yanke jiki ya faɗi da tsakar rana, jikinsa zau, sai a ce iska ce a kama tofi, ko a ce maleriya ce a ɗura masa farasitamol a lulluɓe shi. Bugun zafi ne, jiki ya haura digiri 40, farasitamol ba ya saukar da shi. A ja shi inuwa, a rage masa tufafi, a kwarara masa ruwa a jiki duka ana fifita, a sa jiƙaƙƙen ƙyalle a wuya da hammata da matsematsi, kada a ɗura wa wanda ya suma ruwa a baki, a nufi asibiti ana ci gaba da jiƙa shi a hanya. Ga bebe ko wanda dama maganarsa ba ta fita sosai, wanda ya san shi ne kaɗai zai gane ya canza.

Kafin in bar gari na zauna da wasu shugabannin guragu a majalisarsu. Sun san dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, sun san ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara biyar su gyara hanyar shiga, wa'adin kuma ya cika a Janairun 2024. Ba su ɓata lokaci a kanta ba. Buƙatunsu ƙanana ne har sai da na ji kunya: rumfa a inda suke zama a ƙofar masallaci da tasha, famfo ko randa da mai zaune a ƙasa zai iya kaiwa, da ban ɗaki ɗaya a kowace tasha mai faɗin ƙofa, ba matakala, busasshen daɓe. Na ukun nan shi ne zai sa su sha ruwa. Ɗayansu ya ce in gwamnati na son saƙon zafi ya kai ga kowa, ba sai ta kafa kwamiti ba, akwai Sarkin Makafi, akwai Sarkin Guragu, akwai Sarkin Kutare, tun zamanin sarakuna, kowannensu ya san mutanensa gida-gida, har da waɗanda ba sa fitowa. Ranar rabon shinkafar siyasa ai ta hannunsu ake bi.

Na tambaye su ko sauƙi ya kusa, tunda Afrilu ya raba. Suka ce da saura. Damina ba ta zama a Sakkwato sai Yuni, kuma Mayu ya fi wuya, lokacin da hadari ke haɗuwa ya watse, iska ta yi nauyi da danshi, dare ya ƙi yin sanyi. A irin wannan iska ruwan da aka fesa a jiki ba ya saurin bushewa, don haka dabarar robar nan ma ƙarfinta raguwa yake yi, sai a koma ga kwarara ruwa da sauya jiƙaƙƙen zane akai-akai, ga shi a watan ne 'yan garuwa ke ƙara wa jarka kuɗi.